Keke a Kan Hanyar Tumaki: Zagayen Tuddan Alli na South Downs

A kudu maso gabashin Ingila, daga birnin Winchester har zuwa garin Eastbourne da ke bakin teku, akwai jerin tuddai na farin alli da ake kira South Downs. Ba wasu manyan tsaunuka ba ne, domin mafi tsayi a kan allin, wato Butser, bai wuce mita 270 da ɗan wani abu ba. Duk da haka mahaya keken hawan tudu na tururuwa zuwa can kowane ƙarshen mako, wasu daga Brighton da ke gindin tuddan, wasu daga Landan, tafiyar kimanin awa guda a jirgin ƙasa. Masu tallan yawon buɗe ido kan ce abin da ake zuwa gani shi ne ƙasa yadda Allah ya halicce ta, hannun mutum bai taɓa ba. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma gyara ta yana da amfani. Kyan wurin nan aikin makiyaya ne da tumakinsu na dubban shekaru, hanyar da keke ke bi kuma tsohuwar hanyar dabbobi ce da doka ta hana a toshe. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu zai ga cewa keke yana da hurumi a kan tuddan, kuma ba shi ne abin tsoro ba ga makomarsu, matuƙar mahayinsa ya tsaya kan hanyar da aka ba shi.

Zagayen da ya fi nuna haka shi ne wanda ke tashi daga gandun Stanmer, a gefen Jami'ar Sussex, ya hau zuwa Ditchling Beacon, ya bi ƙoƙuwar tudu yamma har Devil's Dyke, sannan ya gangaro ta Patcham ya dawo mafari. Mai ƙarfi kan gama shi a rabin wuni, mai son tsayawa yana kallo kuwa sai ya ba shi wuni guda. Daga Stanmer hawa ake yi, amma hawa ne mai sauƙin kai, domin tuddan suna kwance ne a karkace: gefensu na kudu yana gangara a hankali zuwa teku, na arewa kuwa ya yanke tsaye. Da farko hanya na ratsa kurmi, ƙasa baƙa ce mai laushi, saiwoyi sun gitta ta. Da an fita daga inuwar itatuwa sai komai ya sauya. Hanya ta koma farar igiya tsakanin gonakin sha'ir, taya ta fara ƙara a kan tsakuwa, iska daga teku ta bugo mahayi ta baya, ya sauke giya ɗaya bayan ɗaya har sai ƙafa ta sami abin da za ta iya juyawa. Inda ruwan sama ya zaizaye tsakiyar hanya akwai ɗan rami mai faɗin tafin hannu, fari fat a ciki, kuma duk wanda ya bar tayar gaba ta faɗa masa sai ya sa ƙafa a ƙasa.

Wannan farin abu shi ne ke mulkin tafiyar gaba ɗaya. Masana ƙasa sun nuna cewa allin ya taru ne a ƙarƙashin wani teku mai ɗumi, tsakanin kimanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 66 da suka wuce, daga ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya iya gani. Yana shan ruwa kamar me, shi ya sa da wuya a ga rafi a saman tuddan, kuma ruwan da ya tsotse shi ne mutum sama da miliyan ɗaya ke sha a Brighton da sauran garuruwan da ke kewaye da tuddan. Ga mai keke, wannan hali yana da fuska biyu. Idan rana ta yi kwana biyu tana fitowa, hanya kan bushe ta yi tauri, taya na gudu ba tare da wahala ba. Idan kuwa aka yi yayyafi, allin kan yi santsi, musamman inda gansakuka ta ɗan rufe shi a inuwa, kuma birki da ƙarfi a irin wannan wuri faɗuwa ce ba makawa. A cikin allin kuma akwai ƙanƙarar dutse, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita, baƙa a ciki, fara a waje, mai kaifin da ke tsaga gefen taya. Ba a shiga wannan hanya babu famfo da kayan faci. Wannan dutse shi ne mutanen farko suka riƙa haƙowa a Cissbury, can yamma kaɗan, fiye da shekara 5,000 da suka wuce, suna sassaƙa gatura da shi, kuma da shi aka gina bangon yawancin tsofaffin gidaje da majami'un ƙauyukan da hanya ke ratsawa.

A saman Ditchling Beacon, mita 248 daga teku, ƙasa kan buɗe gaba ɗaya. Ta arewa tudu ya faɗi ƙasa kai tsaye, ƙauyen Ditchling na kwance a gindi, bayansa kuma filayen Weald da kurmi da gonaki har iyakar gani. Ta kudu ana hango teku da fararen injinan samar da lantarki da iska da aka kafa cikin ruwa. Akwai ragowar ganuwar mutanen zamanin ƙarfe a nan, kuma a nan ake kunna wutar gargaɗi a da idan an hango jiragen yaƙin abokan gaba. Kwaltar da ta hawo daga arewa ta shahara wurin masu keken titi, domin ita ce hawan ƙarshe a tafiyar agaji ta shekara-shekara daga Landan zuwa Brighton, kuma gasar keke ta Faransa ta bi ta kanta a 1994. Amma abin da ya fi cancantar a sauka daga sirdi a duba yana ƙarƙashin ƙafa. Ciyawar gangaren gajera ce, a matse, tana da taushi, kuma idan aka durƙusa za a ga ba ciyawa ɗaya ba ce. A cikin murabba'in mita ɗaya na irin wannan fili akan ƙirga tsirrai iri daban-daban har kusan 40. Dalilin yawan nan shi ne talaucin ƙasar: siririya ce, ba ta da taki, don haka babu tsiron da ke samun ƙarfin danne sauran, tumaki kuma na aske duk wanda ya nemi ɗaga kai. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai shuɗin fukafuki mai ƙyalli wanda tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen wani ɗan tsiro guda mai furen rawaya, kuma tururuwa ce ke gadinta saboda wani ruwa mai zaƙi da take fitarwa. Tsiron yana buƙatar gajeriyar ciyawa da rana ke dafawa. A cire tumaki, cikin 'yan shekaru doguwar ciyawa ta rufe shi, bayanta ƙaya da sarƙaƙiya, daga nan malam-buɗe-littafin ya ɓace.

Ke nan filin da ake zuwa kallo gona ce ta kiwo, ba daji ba. Ƙarni bayan ƙarni makiyayan Sussex kan fitar da garke zuwa saman tudu da rana, su gangaro da shi da dare su kwantar a gonakin hatsi da ke ƙasa domin kashinsa ya zama taki. Wannan zirga-zirga ce ta riƙa kwashe albarkar saman tudu tana kai wa gindi, ta bar saman a rame yadda furanni ke so. A ƙarshen ƙarni na 18 wani manomi mai suna John Ellman, a ƙauyen Glynde da ke gabas da nan, ya inganta irin tunkiyar yankin har ta yi suna a duniya. Hanyoyin da garkunan suka taka, da waɗanda 'yan kasuwa suka bi a kan ƙoƙuwar tudu don guje wa taɓon kwari, su ne yau keke ke bi.

Abin da ya sa suka wanzu kuwa doka ce. A Ingila yawancin ƙasar karkara mallakar wani ce, ko manomi ko gidan sarauta ko ƙungiya ko ƙaramar hukuma, amma hanyar da jama'a suka saba bi tun da can tana nan a taswirar hukuma, kuma mai gona ba shi da ikon rufe ta ko da ta ratsa tsakiyar alkamarsa. Hanyoyin iri-iri ne. Wadda aka sa wa kibiya rawaya ta masu ƙafa ce kaɗai. Wadda aka sa wa kibiya shuɗiya ta masu ƙafa ce da masu doki, kuma dokar karkara ta 1968 ta ƙara masu keke a kanta, da sharaɗin su ba sauran biyun hanya. Babbar hanyar South Downs, wadda aka buɗe a 1972 aka kuma tsawaita ta zuwa Winchester a 1987, tana da tsawon kilomita 160, kuma ana iya bin ta da keke daga farko har ƙarshe. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san burtali, ya san cewa hanya ce da aka ware tsakanin gonaki don dabba ta wuce ba tare da ta yi ɓarna ba, ya kuma ga irin fitinar da ke tashi idan aka bar garma tana cin gefenta kowace damina har ta shafe. Bambancin shi ne a Sussex an zana hanyar a takarda, an kafa mata alama a kowace mararraba, kuma akwai ofishin da za a kai ƙara idan aka toshe ta.

Daga Beacon zuwa yamma tafiya ce mai daɗi, kusan duk gangara ce a hankali a kan ciyawa da alli. Ana wuce wasu ƙananan tafkuna masu siffar kasko da makiyaya suka haƙa suka daɓe da yumɓu don tara ruwan sama, tunda allin ba ya riƙe ko ɗigo. Ana buɗe ƙyaure a rufe, a sake buɗe wani a rufe. A saman Clayton akwai tsofaffin injinan niƙa guda biyu masu aiki da iska, Jack da Jill; an gina Jill a Brighton a 1821, aka jawo ta zuwa nan a 1852, kuma har yanzu masu aikin sa kai na juya ta tana niƙa gari. Sai a gangara Pyecombe, ƙauyen da ya yi suna wajen ƙera ƙugiyar sandar makiyaya, a haye babban titin Landan ta kan gada, a sake hawa, a faɗa Saddlescombe, tsohuwar gona da ke kwance a cikin kwari. Hawan da ke biye shi ne mafi gajiyarwa a zagayen, kuma a ƙarshensa Devil's Dyke yake: kwari mai zurfin kusan mita 100, gefensa a miƙe kamar an yanka, babu ko ɗigon ruwa a cikinsa. Almarar mutanen yankin ta ce Shaiɗan ne ya haƙa shi don ya shigo da teku ya nutsar da majami'u. Masana kuwa sun ce a zamanin ƙanƙara allin ya daskare ya daina shan ruwa, sai ruwan narkewa ya riƙa gudu a samansa yana yanka.

A nan ne maganar masu sukar keke ta fi ƙarfi, domin wuri ne da jama'a ke cika, kuma ana ganin fararen tabo a jikin gangare inda ciyawa ta mutu. Suna cewa taya mai ƙusoshin roba tana yage fatar tudu, kuma fatar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana haɗuwa ba ta warkewa a shekara ɗaya. Rabin maganar gaskiya ne. Mahayin da ya bar hanya ya yanko gangare kai tsaye, yana jan birkin baya taya na kurzar ƙasa, yana buɗe wa ruwan sama hanya, kuma ruwan zai ƙarasa ɓarnar. Babu mai kare wannan, dokar ma ba ta ba shi izini ba, domin ko filayen da dokar 2000 ta buɗe wa jama'a su yi yawo, da ƙafa aka ce, ba da keke ba. Amma a kan hanyar da aka riga aka taka, lamarin daban ne. Wani bincike da aka buga a 1994 kan hanyoyin daji a jihar Montana ta Amurka ya gano cewa kofaton doki ya fi tayar keke da takalmin mai tafiya tayar da ƙasa, musamman idan ta jiƙe. Kuma cunkoson Devil's Dyke ya girmi keken hawan tudu da kusan ƙarni guda: an shimfiɗa layin dogo daga Brighton zuwa nan a 1887, aka rataya keken igiya a kan kwarin a 1894, aka yi wasanni da shaguna a saman tudun, jirgin bai daina zuwa ba sai 1938.

Idan ana neman abin da ya cinye ciyawar alli da gaske, tarihi ya nuna shi ƙarara. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa gwamnati ta matsa wa manoma su noma duk inda garma za ta iya shiga, aka kawo takin zamani da tallafin hatsi, aka kife filayen da ba a taɓa nomawa ba tun zamanin Rumawa. Inda gangare ya fi ƙarfin tarakta kuma aka daina kiwo, domin tunkiya ta daina biyan wahalarta. Zomaye suka riƙe askin ciyawar na ɗan lokaci, sai wata annoba ta shigo a 1953 ta kusan ƙarar da su, ƙaya ta mamaye. An ƙiyasta cewa Birtaniya ta rasa kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan fili tun bayan yaƙin, kuma a cikin gandun ƙasa na South Downs, wanda aka kafa a 2010 mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,600, abin da ya rage bai wuce kashi 4 cikin 100 na faɗin ba. Mafi yawan wannan asara ta auku kafin keken hawan tudu ya iso Ingila a shekarun 1980. Maganin da ake yi yanzu shi ne mayar da dabbobi. Ƙaramar hukumar Brighton, wadda ta mallaki dubban kadada na tuddan tun farkon ƙarni na 20 don kare ruwan shanta da hana gine-gine, tana kiwon tumaki a gefen gari, kuma mutanen unguwa ne ke aikin sa kai suna leƙa garken kullum. Irin wannan aiki yana buƙatar kuɗin jama'a da goyon bayansu, jama'a kuwa ba sa tsayawa kan abin da ba su taɓa gani ba. Kowane matashin Brighton da keke ya fitar da shi daga unguwa ya kai shi saman tudu, mutum ne da gobe zai iya cewa a'a idan aka zo sayar da filin.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa, wato gudu. Keke mai gangarowa a kan busasshen alli ba ya ƙara sosai, kuma tsohuwar da ke tafe da sanda, ko yaron da ya saki hannun uwarsa, ko dokin da ya ji abu ya wuce ta bayansa, ba su da lokacin kaucewa. Kekuna masu batir sun ƙara wa lamarin nauyi, domin ko da yake doka ta ƙayyade cewa injinsu ya daina taimako a kilomita 25 cikin awa, suna kai mutanen da ba su ƙware ba wuraren da da ƙafarsu ba za ta kai su ba. A nan mai keke ba shi da hujjar da ta wuce ladabi, kuma dokar 1968 ta riga ta faɗi wanda zai ba wani hanya. A rage gudu tun daga nesa, a yi magana da murya kafin a iso bayan doki don dabbar ta san mutum ne, a bi garke a hankali ba a ratsa tsakiyarsa ba, musamman watannin Maris da Afrilu da tumaki ke haihuwa. Amma rashin ladabin wasu ba dalili ba ne na korar kowa. Manoman yankin sun fi kuka da karnukan masu yawo da ake saki su far wa tumaki, kuma ba wanda ya ce don haka a hana tafiya da ƙafa.

Akwai kuma masu cewa mai keke ba ya ganin komai, idonsa na kan tayar gaba, mai ƙafa ne kaɗai ke sanin ƙasa. Lalle mai ƙafa ya fi ganin fure. Sai dai akwai abin da ƙafa ba ta nunawa a wuni guda, wato yadda ƙasar ke haɗe da juna. Mai keke yana ratsa kurmi da gonar hatsi da tsohuwar ciyawa da sarƙaƙiya cikin awa biyu, yana ganin inda garma ta tsaya da inda tunkiya ta daina zuwa, cinyoyinsa kuma na gaya masa wane gefen tudu ne a kwance, wane ne a tsaye. Kuma babu abin da ya hana shi jingine keken ya durƙusa.

Komawa gida ta gefen kudu ake yi, a gangara zuwa Patcham, a sake hawa ta wata hanyar doki da ke ratsa makiyaya. A tsakiyar fili, nesa da kowane titi, akwai wata farar hubba ta marmara a kan ginshiƙai, ana kiranta Chattri. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an kawo dubban sojojin Indiya da suka ji rauni a Faransa zuwa asibitocin Brighton, har da tsohuwar fadar sarki da aka mayar asibiti. Mabiya addinin Hindu da Sikh 53 da suka rasu an ƙona gawawwakinsu a wannan wuri bisa al'adarsu, Musulmin cikinsu kuwa aka kai su Woking, garin da tsohon masallacin Shah Jahan yake, aka yi musu sutura. An buɗe hubbar a 1921, kuma duk watan Yuni ana taruwa a nan a tuna da su. Wuri ne da ya kamata a sauka daga keke a tura shi da hannu. Daga nan sauran tafiyar gajera ce, kwari ɗaya da hawa ɗaya, sai kurmin Stanmer.

Saura maganar kuɗi, domin wasu na ganin wannan wasa ne na masu hali. Gaskiya akwai kekunan da farashinsu ya kai na mota, amma wannan zagaye ba ya buƙatarsu. Keke mai kaurin taya da birki mai kamawa da giya mai sauƙi ya isa, kuma ana samun na haya a Brighton. Shiga gandun ƙasa na South Downs ba a biyan ko kwabo, ba shi da ƙofa ba shi da mai gadi. Ɗalibi ko ma'aikacin da zama ya kai shi Landan ko Brighton, ya zaɓi busasshiyar rana tsakanin Mayu da Satumba, ya sauka a tashar jirgin Falmer, ya ɗauki ruwa isasshe domin famfo kaɗan ne a saman tudu, ya sa hular kwano, ya bi kibiya shuɗiya, ya kuma bar kowane ƙyaure yadda ya same shi.